Yini Guda a Ganuwar Karak, Mai Gadin Hanyar Alhazai

Motar Karak ba ta da lokacin tashi, sai ta cika. Wanda ya isa tashar kudu ta birnin Amman da hantsi yana iya tarar da ita saura mutum biyu, yana kuma iya zaman jira har shayinsa ya huce. Shi ya sa na yi sammako. Ƙarfe 7 na safe ba ta yi ba muka fita daga unguwar Wihdat, ɗalibai masu komawa Jami'ar Mu'uta sun cika kujerun baya, sojoji biyu da jakunkunansu suna gaba, direba kuma ya saki karatun Alƙur'ani a hankali, kamar yadda direbobin ƙasar Jodan suka saba da safe.

Karak tana kudu da Amman, tafiyar kilomita 120 zuwa 140, gwargwadon hanyar da mutum ya bi. Hanyoyin uku ne. Akwai ta hamada, miƙaƙƙiya, wadda manyan motocin kaya ke bi zuwa tashar jiragen ruwa ta Aƙaba. Ita motocin haya suke ɗauka, su karkata yamma a garin Ƙaɗrana, cikin awa 2 an isa. Akwai ta bakin Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Bahar Luɗ. Sai kuma tsohuwar, wadda ake kira Hanyar Sarakuna, mai bi ta Madaba da Ziban ta gangara cikin kwazazzabon Mujib, mai zurfin kusan kilomita 1, ta sake haurowa. Wannan ta ukun ita ce uwar labarin. Dominta aka gina abin da na taso gani, kuma a kanta aka zubar da jinin da ya sa sunan Karak ya shiga littattafan Larabawa da na Turawa.

Dutsen da ya ga kowa

Ganuwar takan bayyana ne farat ɗaya. Mota na shan kwana sai ka ɗaga kai ka ga tsauni a gabanka, gari a bisansa, a ƙarshen garin kuma wani dogon gini ya miƙe a kan hancin dutse kamar jirgin ruwan da ya kafe a sama. Larabawa na ce masa Ƙal'atul Karak. Tsawonsa ya kai mita 220, faɗinsa mita 125 ta arewa inda ya fuskanci gari, ya tsuke ya koma mita 40 ta kudu. Kwaruruka masu zurfi sun kewaye tsaunin ta ɓangare uku. Wurin yana sama da tsayin teku da kusan mita 1,000, alhali Tekun Gishiri da ake hangowa daga yamma yana ƙasa da tsayin teku da fiye da mita 400.

Mutane sun daɗe da gane amfanin wannan tudu. Birni ne na Mowabawa tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, kuma yana cikin taswirar nan da aka zana da ƙananan duwatsu a daɓen wata majami'a a Madaba a ƙarni na 6. Amma ginin da ake gani yau an fara shi ne a shekarar 1142. Wanda ya sa harsashinsa wani bafaden Sarki Fulk na Kudus ne, mai suna Fagan, ɗaya daga cikin Turawan yaƙin Salibiyya da Larabawa ke kira Faranja. Su ne suka ci Kudus a 1099, suka kafa masarauta a gabar Sham, suka kuma fahimci abu guda da wuri: Masar da Sham idan suka haɗa kai, zamansu ya ƙare. Hanyar ƙasa da ta haɗa Alkahira da Dimashƙa kuwa ta gabashin Tekun Gishiri ta bi. Ta nan fatake ke wucewa da raƙuma, ta nan rundunoni ke bi, ta nan kuma ayarin alhazan Sham ke gangarawa Madina da Makka duk shekara.

Tun a 1115 Faranja suka gina ganuwar Shobak can kudu. Karak ta zo ta zama babbar yaya. Mai riƙe da ita yana karɓar kuɗin fito daga kowane madugu, yana sa ido kan ƙabilun Larabawan ƙauye, yana cin amfanin alkamar filayen Mowab da cinikin da ake yi ta kwale-kwale a Tekun Gishiri. An ruwaito cewa idan hari ya matso sukan hura wuta a kan hasumiya da daddare, a hango ta daga Kudus.

Duwatsu iri biyu

Daga inda mota ta sauke mu sai hawa da ƙafa ta cikin kasuwa, tsakanin masu sayar da kayan miya da masu gasa burodi, har zuwa wani fili a bakin ganuwar. Wani gwalalo da aka sassaƙa cikin dutse shi ya raba ta da gari, an ɗora masa gada. Kuɗin shiga ba shi da yawa, wanda kuma ya sayi takardar Jordan Pass kafin ya shigo ƙasar ba zai biya komai a ƙofa ba.

Abu na farko da ya kamata baƙo ya koya shi ne karanta bango. Duwatsun ginin iri biyu ne. Akwai masu duhu, masu kaushi, waɗanda aka fasa cikin gaggawa aka jera; wannan aikin Faranja ne, aikin mutanen da ke gini ido na kan hanya. Akwai kuma masu haske, ruwan ƙasa-ƙasa, da aka sassaƙa sumul aka daidaita bakinsu. Wannan aikin sarakunan Musulmi ne, Ayyubawa da Mamalik da suka gaje su. Da zarar idonka ya saba, duk inda ka tsaya za ka iya nuna inda hannu ɗaya ya tsaya wani ya ɗora.

Daga hagu ana gangarawa wani dogon zaure mai rufin baka, hawa biyu, wanda ya bi jikin bangon arewa. Barga ce da masaukin mayaƙa. Haske ba ya shigowa sai ta 'yan tsagogin da maharba ke sako kibiya, masu faɗi ta ciki, tsukakku ta waje. A can ƙarshe akwai wani gunki marar kai da aka cusa cikin bango. Wasu mutanen gari kan ce siffar Salahuddini Al-Ayyubi ce, amma masana sun tabbatar sassaƙar Nabaɗawa ce, tsoffin mazauna yankin, ta girmi ginin da kusan shekara 1,000. Maginan Faranja ne suka tsinto ta a kango suka mai da ita tubali. Gaba kaɗan ga madafa, da manyan duwatsun matsar zaitun, da wani ƙaton tanderu da har yanzu bangonsa ke da baƙin hayaƙi. A nan mutum ke tuna cewa ganuwa gari ce: akwai mai tuya, akwai mai ɗiban ruwa, akwai mai share kashin doki, akwai yara.

Mafi yawan Karak a ƙarƙashin ƙasa take. Rami ne cikin rami, zaure a kan zaure, matakala na kai ka inda ba ka zata ba. Da rana tsaka a lokacin zafi, sanyin cikinta kamar na randa. Fitilar waya tana da amfani, haka ma takalmi mai riƙe ƙasa, domin ƙafafun shekara 800 sun goge duwatsun sun yi santsi. A farfajiyar sama akwai kangon majami'ar Faranja, rufinta ya rufta, sai bango da sararin sama. Ta gabas, idan ka leƙa, za ka ga yadda aka lulluɓe gangaren tsaunin da shimfiɗaɗɗen dutse don kada mahari ya sami wurin dafawa ko na haƙa. Wanda ke tare da yara ya riƙe hannunsu a nan, don ba ko'ina ne aka sa shinge ba.

Arnaɗ

Shekara 30 da 'yan kai Karak tana cin kuɗin fito, ayari na wucewa. Ko da yaƙi ya tashi, hanya tana da dokarta. Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, wanda ya ratsa Sham a 1184, ya rubuta mamakinsa ganin yadda fatake ke kai da kawowa tsakanin ƙasar Musulmi da ta Faranja, kowa na biyan harajinsa cikin aminci, alhali rundunonin ɓangarorin biyu suna fafatawa. Mayaƙa na yaƙinsu, talaka na neman abincinsa.

Mutumin da ya taka wannan doka shi ne Renal na Shatiyon, wanda littattafan Larabci ke kira Arnaɗ. Ya zo daga Faransa ba shi da ƙasa ba shi da gado, ya auri gimbiyar Antakiya ya zama sarkinta, aka kama shi a wani harin kwasar dabbobi, ya yi shekara 15 da ɗoriya a kurkukun Halab. Da aka fanso shi a 1176 sai ya auri Istifaniya ta Milli, magajiyar Karak, ya zama mai ganuwar. A 1181, ana cikin yarjejeniyar tsagaita wuta, ya kutsa hamada ya auka wa wani ayari a wajen Taima, a kan hanyar Madina.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan girgiza duniyar Musulmi. A ƙarshen 1182 ya sa aka ƙera jiragen ruwa gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa raƙuma har bakin Bahar Maliya a Aƙaba, aka harhaɗa su aka sake su a ruwa. Suka kai hari Aizab, tashar da ke gabar Afirka daura da Jidda. A wancan zamani, da yake Karak da Shobak sun tsare hanyar ƙasa, alhazan Masar da na Magrib da na sauran Afirka sukan bi kogin Nilu zuwa Ƙus, su keta hamada zuwa Aizab, su haye ruwa. Nan ma ɗin sai ga shi an biyo su. Maharan suka ƙone jirage, suka nutsar da wani jirgin alhazai, suka tsallaka gabar Hijaz. Sarautar Masar ta tura jiragenta ƙarƙashin Husamuddini Lu'ulu'u, ya bi su ya murƙushe su a farkon 1183. Ibn Jubair ya ga wasu daga cikin kamammun ana zagayawa da su a kan raƙuma a Iskandariyya. Salahuddini Al-Ayyubi, sarkin Masar da Sham, bai manta wannan ba har abada.

Biki a bakin majaujawa

Idan ka tsaya a ƙarshen kudu na ganuwar, akwai wani tudu da ya fuskance ta, ana kiransa Ummus Salja. Ta nan ne kawai tsaunin ya haɗu da sauran ƙasa, ta nan kuma mai hari zai iya girke manjaniƙ, wato ƙatuwar majaujawa mai jifa da duwatsu. A watan Nuwamban 1183 Salahuddini ya iso da rundunarsa ya yi wa Karak ƙawanya. Ya tarar ana biki a ciki.

Angon shi ne Hamfari na Toron, ɗan Istifaniya, agolan Arnaɗ. Amaryar kuwa Izabela ce, ƙanwar Sarkin Kudus, yarinya 'yar shekara 11. Manyan masarauta sun hallara, makaɗa da masu wasa sun cika gida, ga kuma talakawan karkara da suka gudo da tumakinsu suka cunkushe farfajiya. Duwatsu na sauka a bango, ana ci gaba da shagali. Wani marubucin Faranja na zamanin ya kawo cewa uwar ango ta zuba abincin biki a akussa ta aika wa Salahuddini a sansaninsa. Shi kuma ya tambayi 'yan aiken a wace hasumiya amarya da ango za su kwana. Da aka nuna masa, ya ba da umarni kada a jefi wannan hasumiyar.

Na daɗe a tsaye a wurin ina duban tudun. Abin da ya kama ni a labarin shi ne daga bakin abokan gaba ya fito. Su suka rubuta shi, su suka adana shi. Mutum ne ya zo da niyyar rushe gida, yana da dalilinsa, amma ya san akwai haddin da ba a ƙetarewa ko a fagen fama: an ba ka abinci, ka karɓa, to akwai hakki a kanka. Ƙawanyar ba ta yi nasara ba. Sarkin Kudus Baldwin na 4, saurayin da kuturta ta cinye har ba ya iya hawa doki, ya sa aka ɗauko shi a kan gado ya taho da runduna, Salahuddini ya janye a farkon Disamba. Ya dawo a 1184, gwalalon ya sake hana shi.

Kofin ruwa

An sake ƙulla sulhu a 1185. A ƙarshen 1186 ko farkon 1187 wani babban ayari ya taso daga Alkahira zuwa Dimashƙa, ya biyo ta ƙasar Karak bisa amanar wannan sulhu. Arnaɗ ya kwashe shi kaf, ya jefa mutanen a kurkuku. Salahuddini ya aika a saki mutane a mayar da dukiya, ya ƙi. Sabon Sarkin Kudus, Gi na Lusinyan, ya roƙe shi, ya ƙi. Salahuddini ya yi rantsuwa cewa idan Allah Ya ba shi iko a kansa da hannunsa zai kashe shi.

Ranar 4 ga Yulin 1187 aka gwabza a Hiɗɗin, kusa da tafkin Ɗabariyya, rundunar Faranja ta watse saboda ƙishi da wuta da kibau. Aka shigo da Sarki Gi da Arnaɗ tantin Salahuddini. Ya miƙa wa sarkin ruwan sanyi, ya sha, ya miƙa wa Arnaɗ ragowar. Salahuddini ya sa tafinta ya shaida wa sarkin cewa shi ne ya shayar da mutumin nan, ba mai tanti ba. A al'adar Larabawa, kamammen da ka ba ruwa ko abinci ya shiga amanarka. Ya lissafa wa Arnaɗ alkawuran da ya karya, sannan ya sare shi. Sarki Gi kuwa aka bar shi da ransa. Watanni uku bayan haka Kudus ta buɗe ƙofa.

Karak ba ta miƙa wuya nan take ba. Hamfari, angon nan, yana cikin kamammun Hiɗɗin. Uwarsa ta nemi a sakar mata shi, ita kuma ta sa Karak da Shobak su sallama. Aka ba ta ɗanta. Da ta isa, dakarun ganuwar suka ƙi jin maganarta. Sai matar nan ta mai da ɗanta hannun Salahuddini, tunda abin da ta yi alkawari bai samu ba. Daga baya ya sake shi. Dakarun suka jure yunwa har suka cinye dawakinsu, sai a Nuwamban 1188 suka buɗe ƙofa, aka bar su suka tafi da rayukansu. Shobak ta bi baya a 1189. Ba a taɓa fasa bangon Karak da ƙarfi a wannan yaƙi ba. Abin da ya kayar da ita ya faru ne a kan hanya, ranar da mai ita ya ci amanar matafiya.

Mafakar sarakuna, kurkukun sarakuna

Ginin da ya fi kowanne tsayi a ganuwar, a ƙarshen kudu, na Mamalik ne. Hawa huɗu ne, kaurin bangonsa ya haura mita 6, an dasa shi yana fuskantar tudun Ummus Salja. Sultan Baibars ne ya ƙarfafa wurin bayan ya karɓe shi a 1263. Yadda ya karɓe shi ma abin faɗa ne, domin cin amana ba ta da ƙabila: ya gayyato mai Karak na lokacin, Al-Mugis Umar, jinin Ayyubawa, da alkawarin aminci, da ya zo ya sa aka kama shi aka kai Alkahira, can ya hallaka.

A zamanin Mamalik Karak ta zama taskar dukiya, makarantar 'ya'yan sarakuna, kuma wurin ajiye sarkin da aka tuɓe. Kusa da babbar hasumiyar ana gangarawa wata ƙaramar fada mai tsakar gida a buɗe, da ɗaki mai alamar mihrabi a gefe. Fadar Sultan An-Nasir Muhammad ce. An kawo shi Karak yana yaro bayan an raba shi da gadon sarauta. A 1309 kuma, bayan an mai da shi gadon, da manyan hafsoshi suka matsa masa, ya fito daga Alkahira da sunan zai tafi hajji, ya tsaya a nan ya ƙi gaba. Daga nan ya tattara ƙarfi ya koma mulki a 1310, ya riƙe har 1341. Shi ne sarkin da Mansa Musa na Mali ya tarar a Alkahira a 1324 a kan hanyarsa ta Makka.

Shekara biyu bayan wannan, a 1326, Ibn Baɗuɗa ya biyo ayarin alhazan Sham ya iso nan. Ya ambaci cewa ana yi wa ganuwar laƙabi da Ganuwar Hankaka, kuma ayarin ya yi zango na kwana 4 a wajen gari yana shirin shiga hamada. Wannan matafiyin ne dai, a 1353, ya sauka Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya ba da labarin tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Wani sarkin da ya ɗanɗani kurkukun Karak shi ne Barƙuƙ, wanda aka tuɓe a 1389 aka tsare a nan. Mutanen gari suka taimaka masa ya fita, ya koma gadonsa a 1390. Ba da jimawa ba wasiƙar Mai Usman ɗan Idris na Barno ta iso masa, yana kukan wasu Larabawa da ke kama mutanensa Musulmi suna sayarwa a kasuwannin Masar da Sham. Ɗan ƙasarmu da ya tsaya a wannan farfajiya yana tsaye ne a kan wani zare na tarihin da ya taɓo gidansu.

Bayan hanya ta kauce

Da Turkawan Usmaniyya suka karɓi Sham a ƙarni na 16, sai suka mai da hanyar alhazai gabas, bakin hamada, suka jera ƙananan sansanoni da tafkunan ruwa, ciki har da na Ƙaɗrana. Jirgin ƙasan Hijaz da ya isa Madina a 1908 shi ma can ya bi. Karak ta koma hannun ƙabilunta, Musulmi da Kirista, waɗanda har gobe suke zaune tare a garin. A 1834 Ibrahim Basha na Masar ya yi mata ƙawanya ya rushe wani sashe nata yana bin 'yan tawayen Falasɗinu da suka fake a ciki. A Disambar 1910 mutanen Karak, ƙarƙashin Ƙadar Al-Majali, suka yi wa Turkawa bore kan haraji da ɗibar soja da ƙwace makamai, aka murƙushe su da ƙarfi. Gidan adana kayan tarihi na Karak ya tattara ragowar waɗannan zamunna, daga tukwanen Mowabawa har zuwa kuɗaɗen Mamalik.

Jini na ƙarshe da ya zuba a nan ba tsoho ba ne. Ranar 18 ga Disambar 2016 wasu 'yan bindiga suka kai wa 'yan sanda hari suka shige ganuwar suka laɓe. Mutum 10 suka rasu a ranar, jami'an tsaro 7 da 'yan gari 2 da wata baƙuwa daga Kanada da ta zo yawon buɗe ido. An kashe maharan su 4, ƙungiyar IS ta ce aikinta ne. Mutanen gari sun fito sun mara wa jami'an tsaro baya a wannan yini. Yau akwai 'yan sanda a ƙofa, kuma duk wanda ka tambaya hanya a kasuwa, kafin ya nuna maka sai ya ce maka ahlan wa sahlan, wani ma ya ja ka shan shayi. Garin da ya yi suna da mai tare matafiya, zuriyar da ke cikinsa yanzu da karɓar baƙo take alfahari.

Mansaf da Mu'uta

Awa 2 zuwa 3 sun isa a zagaya ganuwar a natse. Bayan azahar sai abinci, kuma wanda ya zo Karak bai ci mansaf ba da saura. Naman rago ne da ake dafawa cikin romon jamid, wato nonon tumaki da aka tsane aka sa masa gishiri aka cura aka busar har ya yi tauri kamar dutse. A shimfiɗa siririn burodi a faranti, a zuba shinkafa, a ɗora nama, a barbaɗa soyayyen almon, a kwarara romo. A gidan biki a tsaye ake cinsa, an kewaye faranti, da hannun dama, na hagu a baya. Duk faɗin Jodan an sallama cewa jamid ɗin Karak ne kan gaba, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta sa mansaf cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Daga nan tasi zai kai ka Mu'uta da Mazar, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba ta kudu. A wannan fili ne, a shekara ta 8 bayan hijira, daidai da 629, rundunar Musulmi 3,000 ta haɗu da ta Rumawa. Zaidu ɗan Harisa ya riƙi tuta ya yi shahada, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karɓa ya yi shahada, Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa ya yi shahada, sannan Khalid ɗan Walid ya janye da sauran jama'a. Kaburburan sahabban uku, Allah Ya yarda da su, suna Mazar, an gina babban masallaci a wajen na Ja'afar. Malaman tarihi sun kawo cewa musabbabin yaƙin shi ne kashe ɗan aiken Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tare a wannan yanki yana kan hanyarsa ta zuwa Busra. Tun kafin a sa tubalin farko na ganuwar da shekara 500, maganar dai ita ce ta matafiyi da hakkinsa.

Mai niyyar wannan tafiya ya kiyaye abu uku. Motocin komawa Amman suna ƙaranci tun kafin la'asar, ranar Juma'a kuwa kusan babu, don haka mai son haɗa Karak da Mu'uta da Hanyar Sarakuna a yini ɗaya gara ya ɗauki shatar mota. Watannin Maris zuwa Mayu sun fi daɗi, lokacin da filayen alkama suke kore. Da hunturu iskar kan tsaunin tana ratsa ƙashi. Kuma ya karanta labarin wurin kafin ya zo, ko ya ɗauki ɗan jagora a ƙofa, domin allunan bayani ba su da yawa, dutse kuma ba ya magana da wanda bai san sunan masu shi ba.

Na samu motar ƙarshe da ƙyar. Muna gangarowa na waiwaya, rana ta karkata ta bugi bangon yamma, duwatsun Faranja da na Mamalik suka rine suka zama launi ɗaya. A mahaɗar Ƙaɗrana muka tsaya ba wa manyan motoci hanya. Cikinsu har da wata doguwar bas ta masu Umra, jakunkuna a ɗaure, ta nufi kudu. Ta taga na hango wani dattijo ya jingina kai da gilashi, carbi a hannu, barci ya ɗauke shi. Magajiyar hanyar da Salahuddini ya yi rantsuwa a kanta ke nan, ga wani bawan Allah yana ratsa ta yana barci.